Kilo da Ma'aunan da Ya Tarar a Ƙasar Hausa

Kalmar laba ta kusa fita daga bakin Hausawa, kuma a hankali ta fita, har ba a iya nuna shekarar da aka daina jin ta a rumfar mahauta. Laba ma'aunin nauyi ce da Turawan Ingila suka zo da ita, wadda ta ɗan gaza rabin kilo, domin giram 454 ne a cikinta, kuma a zamaninta da ita ake auna nama a kasuwannin birane, da ita ake lissafin gyaɗa da auduga da kiraga a bakin kantunan kamfanoni. Oza, wadda sha shida daga cikinta ke yin laba ɗaya, ta riga ta tafiya, haka kuma fararen duwatsun da aka kakkafa a gefen titi domin ƙidayar mil sun zube ko ciyawa ta binne su, sai sunayen wurare kaɗai suka rage suna ba da shaida, kamar Mil Tara da ke kan hanyar Katsina in an fito daga Kano, da kasuwar Mil 12 ta Legas inda 'yan Arewa ke sauke tumatir da albasa. Abin da ya gaje su duka kalma ce mai gaɓa biyu, wato kilo, wadda ta zauna daram a harshen mai nama da direba da ungozomar asibiti, har yaron da aka haifa bayan shigowarta ba ya jin baƙuntarta ko kaɗan.

A asalinsa kilo ba suna ba ne mai cin gashin kansa. Ɗafa-goshi ne, wato guntun kalmar da ake liƙawa a gaban wata domin a sauya ma'anarta, kamar yadda Hausa ke liƙa ma- a gaban auna ta samar da ma'auni. An ciro shi daga khilioi, kalmar tsohon Girkanci mai nufin dubu, kuma Girkawan ba su ne suka ciro shi ba, malaman kimiyya ne na Faransa a zamanin juyin juya halin ƙasar. Dokar da aka zartar ranar 7 ga Afrilu 1795 ta shimfiɗa tsarin awo mai tafiya goma-goma, ta ɗauko kalmomin ninkawa daga Girkanci, wato deka na goma, hekto na ɗari, kilo na dubu da miriya na dubu goma, sannan ta ɗauko na rabawa daga harshen Latin, wato desi da senti da mili. Dalilin komawa ga tsofaffin harsuna shi ne a samu sunayen da babu lardin da zai ce nasa ne, domin kafin lokacin ɗaruruwan sunayen ma'aunai ne ke yawo a Faransa, suna ɗaya kuma yakan ɗauki girma dabam daga wannan gari zuwa na gaba, kuma manoma sun daɗe suna kukan cewa iyayen ƙasa na karɓar galla da ma'aunin da ya fi na kasuwa zurfi. Waɗanda suka ƙera kalmar sun datse ta, sun kuma sauya harafinta na farko, shi ya sa Girkawan yau suke da sura biyu: kilomita a wurinsu khiliometro ce, bisa tsohuwar kalmarsu, amma in za su sayi tumatir kilo suke cewa, da lafazin da ya dawo musu daga Faransa.

An ɗora mita a kan girman duniya, aka ce ita ce kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba ta biyu, aka kuma tura masana taurari biyu, Delambre da Méchain, suka shafe shekarun 1792 zuwa 1798 suna awon ƙasa tsakanin Dunkirk da Barcelona. Kilogiram kuwa nauyin lita ɗaya ne na tsabtataccen ruwa, wanda aka zuba kwatankwacinsa a curin ƙarfen filatinam a 1799. Talakawan Faransa ba su karɓi sabon tsarin da hannu biyu ba, har ta kai Napoleon ya sassauta a 1812 ya bari a ci gaba da kiran tsofaffin sunaye, kuma sai a farkon 1840 aka wajabta shi a kan kowa. Wannan tirjiya ta kusan rabin ƙarni a ƙasar da aka haifi kilo ta isa ta hana a ɗauki riƙon da wata al'umma ta yi wa ma'auninta a matsayin duhun kai. A 1875 ƙasashe 17 suka rattaba hannu kan yarjejeniyar mita, a 1889 kuma aka amince da wani sabon curi na filatinam da iridiyam, mai tsawon milimita 39, wanda aka kulle a Sèvres kusa da Paris, ya zama shi ne kilon da duk sauran kilo na duniya ke koyi da shi. Shekara 130 ya yi yana wannan aiki, kafin a sauke shi ranar 20 ga Mayu 2019, aka maye gurbinsa da wani tsayayyen adadi na kimiyyar lissafin halitta da ake kira adadin Planck, saboda an lura nauyinsa da na kwafe-kwafensa yana ɗan saɓawa da tafiyar zamani.

Harsuna sun karɓi kalmar kowanne da irin bakinsa. Italiyawa suna rubuta ta chilo, mutanen Fotugal quilo, Japanawa suna cewa kiro, Turkawa kuma, waɗanda suka ajiye tsohon ma'auninsu okka a farkon shekarun 1930, sun mai da ita sunan ƙiba, ta yadda in mutum ya yi jiki sai su ce ya ɗauki kilo. Sinawa suna cikin 'yan kaɗan da suka fassara ma'anar, suka sa kalmarsu ta dubu a gaban giram. A Larabcin yau da kullum kilo yana nufin nauyi, yana kuma nufin nisa, kuma duk alhajin da ya zauna a Jidda ya san unguwannin da ke kan tsohuwar hanyar Makka waɗanda ake kira Kilo Bakwai ko Kilo Sha Huɗu, daidai da yadda Kano ta samu Mil Tara.

Ta ƙofa biyu kilo ya shigo ƙasar Hausa, kuma ba a lokaci ɗaya ba. Hausawan Maraɗi da Damagaram da Tawa sun san shi tun zamanin mulkin Faransa, lokacin da ake auna gyaɗarsu da shi, ake kuma ƙidaya hanyoyinsu da kilomita, alhali 'yan'uwansu na Katsina da Daura, waɗanda iyaka ce kawai ta raba su, suna kan laba da mil. Nijeriya ta juya ne a shekarun 1970, cikin jerin sauye-sauyen da suka zo a jere: tuƙi ya koma hannun dama a Afrilun 1972, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a farkon 1973, sannan aka bi da sauya ma'aunai a makarantu da gidajen mai da allunan hanya. Aron kalmar ƙidaya ba sabon abu ba ne a Hausa, domin ashirin da talatin har zuwa casa'in duk daga Larabci suka zo suka ture gomiya biyu da gomiya uku, kuma tsofaffin fatake suna cewa metan da arbaminya da alfin. Bambancin shi ne waɗannan sun shigo da ma'anarsu ta adadi, kilo kuwa ya bar tasa a hanya. Mai sayen rabin kilo na nama ba giram ɗari biyar yake nufi a ransa ba, wani tuli yake gani wanda ya san yawan bakin da zai ciyar, kuma da za a ce masa kalmar na nufin dubu, da sai ya tambaya dubun me.

Ma'aunan da kilo ya tarar, tun kafin laba da mil, daga jikin mutum da kayan gidansa aka ciro su. Kamu shi ne tsawon hannu daga gwiwarsa zuwa kan yatsa, da shi ake auna sawaye da fari a rumfar masaƙa. Gaba ita ce buɗin hannuwa biyu, da ita mahaƙa ke faɗin zurfin rijiya da tsawon igiyar guga. Taƙi na buɗin yatsu ne, taki kuma na ƙafa. Amfanin gona da dami ake ƙidaya shi, kayan jaki da mangala, goro da ƙwarya, wadda ɗari ce cif, kuɗin wuri kuma da keso, wato jakar tabarma mai ɗaukar dubu ashirin. Nisa da zango ake faɗinsa, kuma zango ya ƙunshi abin da kilomita ba ta ƙunsa ba, domin yana nufin tafiyar da ayari zai iya yi kafin rana ta yi zafi ko ta faɗi, ya sauka inda akwai ruwa da ciyawar dabbobi da amincin kwana. Zango ɗaya a cikin yashi ya fi na kan fako gajarta, kuma madugu, wato jagoran ayari, bai ɗauki wannan a matsayin aibi ba, tunda gajiyar jaki yake aunawa, ba ƙasa ba.

A layin 'yan hatsi ne tsohon tsarin ya fi bayyana, kuma a can ya fi daɗewa. Ma'auni yana zaune a kan buhu ko tabarma, gero a tsibe a gabansa, ƙurar ƙaiƙayi ta yi masa fari a gira da gemu, yana nitsa mudu cikin tsibin ya ɗago, ya ƙara da tafin hannu sau biyu ko uku har hatsin ya yi tozo yana gangarowa ta gefe, sannan ya tare da hannun hagu ya juye a ƙwaryar mai saye da wata ƙara mai kama da saukar yayyafi a kan rufin kwano. Yana ƙidaya da ƙarfi domin kowa ya ji, kuma da yawa daga cikinsu ba sa buɗe ƙidayar sai da ambaton albarka. Mai saye yana tsaye yana kallon kowane mudu, yana da ikon cewa wannan bai cika ba, a sake, kuma in an gama yana da ikon neman gyara, wato ɗan ƙarin da mai sayarwa ke yi bayan an kammala awo. Gyara ba sadaka ba ce, ba kuma haƙƙi ba ce da za a kai ƙara a kanta, wata alama ce ta cewa cinikin bai yanke zumunci ba, kuma yawanta yana bin daɗewar sanayya da halin da mai saye yake ciki. Al'adar tana da tsohon tushe, domin Clapperton, Baturen da ya ga kasuwar Kano a 1824, ya ba da labarin cewa mai sayarwa yakan mayar wa mai saye kashi biyu cikin ɗari na kuɗin da sunan albarka. Karin maganar da ke cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima ta fito ne daga irin wannan kasuwa, inda awo abu ne da ake yi a fili, mutum biyu suna kallo.

Sai dai wanda ya tsaya a nan ya faɗi rabin magana. Mudun da ido ke gani shi ne kuma mudun da ake bubbuge wa gindi ya shige ciki domin ya rage ci, shi ne ake limance wa baki, kuma an san ma'aunan da ke ajiye biyu, babba na saye daga manomi a ƙauye, ƙarami na sayarwa a birni. Kamun dogon mutum ya fi na gajere, saboda haka mai sayen zane yakan zo da dogon ɗan'uwansa. Mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, tiya ma haka, wadda take babban kwanon awo ce, kuma baƙon da bai san wannan ba shi ne abincin 'yan kasuwa. Da tauye mudu ba tsohuwar cuta ba ce, da malamai ba su yawaita jan Suratul Muɗaffifina da labarin mutanen Annabi Shu'aibu a wa'azin kasuwa ba, da kuma ba a ɗora wa sarkin kasuwa duba ma'aunai ba. Kukan da manoman Faransa suka yi kafin 1795 manomin Hausa zai gane shi ba tare da tafinta ba.

Sikeli ma bai shigo da tsarki ba. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, manomi ya fara kai amfaninsa gaban wani ƙarfe mai allura da lambobin da bai iya karantawa ba, akawu ya duba ya faɗi abin da ya ga dama, a cire nauyin buhu, a cire na ƙasa da tsakuwa, a miƙa masa abin da ya rage. Canjin da ya faru a nan ya fi na suna zurfi: a da idon mai kaya ne shaida, yanzu kuwa shaidar ta koma cikin na'ura, amincin na'urar kuma yana hannun wani jami'in duba ma'aunai da mai kayan bai taɓa gani ba. Inda wannan jami'i yake aikinsa, kilo ya fi kowane mudu adalci; inda ba ya zuwa, kilo ya fi mudu sauƙin cuta, domin tauyayyen mudu ana iya ganinsa, amma sikelin da aka taɓa wa waya yana nuna lambarsa tsaf ba tare da ya tona kansa ba. Matar da ta kai tukunyar gas mai cin kilo sha biyu da rabi a cika mata ba ta da hanyar sanin gaskiya sai ranar da wutar ta mutu, haka nan mai sayen buhun shinkafa da aka rubuta wa kilo 50 bayan an farke shi an ɗebi kwano an sake ɗinkewa. Ga shi kuma lamba ba ta san gyara ba, in allura ta tsaya magana ta ƙare, ko da yake mahauta da yawa har yanzu sukan jefa 'yar tsoka ko guntun kitse bayan an sauke naman daga sikeli.

Duk da haka, ribar da aka samu daga kilo tana da girma, kuma mafi yawanta ba a kasuwa take ba. Maganin yara da nauyin jikinsu ake lissafa shi, miligiram kaza ga kowane kilo, kuma babu kamu ko tafin hannun da zai iya wannan aiki ba tare da an yi kisa ba. Jaririn da aka haifa ƙasa da kilo biyu da rabi an san yana bukatar kulawa ta musamman, yaron da tamowa ta kama kuma da sikeli ake bin farfaɗowarsa mako-mako, tun kafin idon uwarsa ya ga bambanci. Ɗan kasuwar Dawanau ta Kano yana iya sayar da tan talatin na riɗi ta waya ga wanda ke wata nahiya, ba su taɓa haɗuwa ba, ba su da harshe ɗaya, amma sun yarda da abin da kilo yake nufi. Tsohon awo na mutanen da suka san juna ne, sabon kuwa an ƙera shi ne domin waɗanda ba za su taɓa sanin juna ba, kuma yawancin cinikin zamanin nan irin na biyun ne.

Abin lura shi ne yadda ma'aunan biyu suka raba kasuwa tsakaninsu ba tare da wata doka ta tsara hakan ba. Duk abin da ya fito daga masana'anta a rufe, kamar siminti da takin zamani da fulawa da sukari, kilo ne ke mulkinsa, haka nama da kifin sanyi da jakar matafiyi a filin jirgin sama. Gero da dawa da masara da wake kuwa suna hannun mudu da tiya, tumatir yana kwando da kashi, manja yana kwalba, atamfa tana turmi mai yadi shida, filin gini kuma har yau ƙafa hamsin ne da ɗari. A tsakiya akwai wani sulhu mai ban sha'awa, domin buhun hatsin da ake kira mai kilo ɗari ba kasafai ake ɗora shi a sikeli ba, tiya arba'in ake ƙirgawa a zuba a ɗinke, bisa ɗaukar cewa kowace tiya kilo biyu da rabi ce, alhali nauyin tiyar gero da na tiyar gyaɗa ba ɗaya ba ne. Wasu al'ummu sun warware irin wannan ta hanyar riƙe tsohon suna su ɗaure shi da sabon adadi, kamar yadda Jamusawa suka mai da Pfund giram 500, Sinawa ma suka yi wa jin haka. Mudu bai samu wannan ɗaurin ba a faɗin ƙasar Hausa, ko da yake hukumomi a wurare dabam-dabam sun sha fito da mudun gwamnati mai hatimi, wanda yakan yi 'yan watanni a kasuwa kafin a koma gidan jiya.

Ta wasu hanyoyin ma ɗafa-goshin ya shigo, inda ba nauyi yake aunawa ba. Masu sauraren sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, da sauran tashoshin gajeren zango, sun saba da jin mita kaza da kilohaz kaza tun kafin su san abin da ake ƙirgawa, wato yawan kaɗawar igiyar rediyo sau dubu a daƙiƙa ɗaya. Mitar lantarki tana cin kuɗi da kilowat-awa. Masu kwamfuta sun ɗan karkatar da ma'anar, suka kira bait 1,024 kilobait saboda lissafinsu bibbiyu yake tafiya, har aka ƙirƙiro kibi a 1998 domin a raba gardama, ko da yake bai samu karɓuwa a bakin jama'a ba. 'Yan'uwan kilo na sama, mega na miliyan da giga na biliyan, su ma daga Girkanci, sun iso ta wayar hannu, kuma sun bi sawunsa wajen zama sunaye masu zaman kansu, har ana cewa a saya wa mutum giga biyu. Miriya kuwa, wadda aka haifa rana ɗaya da kilo, an watsar da ita lokacin da aka daidaita tsarin awo na duniya a 1960. Ma'anar dubu ta dawo ne ta inda ba a zata ba, a rubutun matasa na waya, inda harafin k shi kaɗai ke tsayawa a bayan lamba, 5k ta zama naira dubu biyar, a daidai lokacin da faɗuwar darajar kuɗi ta sa jaka, wadda a Nijeriya naira ɗari biyu ce, ta daina isa a ƙirga komai da ita.

Wurin da tsohon awo ya fi kafewa shi ne ibada, saboda a can nassi ne ya ambace shi. Zakkar fid da kai sa'i ɗaya ce ga kowane mutum, sa'i kuma mudun Annabi huɗu ne, mudun Annabi kuwa cikin tafuka biyu ne na mutum matsakaici, kuma nisabin zakkar hatsi wusƙi biyar ne, kowane wusƙi sa'i sittin. Duk waɗannan ma'aunan cika ne, ba na nauyi ba, shi ya sa mayar da su kilo bai taɓa fitar da lamba ɗaya ba: sa'in shinkafa ya fi sa'in dawa nauyi, kuma adadin da malamai ke bayarwa yana kaiwa da komowa tsakanin kilo biyu da 'yan kai zuwa kilo uku, gwargwadon irin hatsin da kuma ƙiyasin da aka bi. Mazauna birane da ke sayen shinkafa a ƙulle cikin leda sukan nemi a faɗa musu lambar su huta, wasu malaman kuma sukan ba da mafi yawan adadin domin a fita daga shakka, yayin da maƙera ke ci gaba da ƙera ƙaramin mudun awon zakka suna kai shi kasuwa a goman ƙarshe na azumi.